Benen da Baba Ya Saya da Zaurensa

Lungunmu a cikin birnin Zazzau, can bayan Kwarbai, yana da wata kwana daidai ƙofar gidanmu wadda mutum biyu ba sa wuce ta kafaɗa da kafaɗa. In mai ruwa ya shigo da garwa biyu a sanda, sai ya juya jikinsa gefe kafin ya samu ya fice. Ba wanda ya sace hanyar. Yaɓe ne ya cinye ta. Kowace shekara in damina ta ɗauke, kowane gida sai ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe katangarsa, na bana a kan na bara, tun zamanin kakanni, har katangu suka yi ƙiba lungu ya rame. A gefe ɗaya na kwanar akwai kusurwar zaurenmu, a ɗaya gefen kusurwar gidan Alhaji, maƙwabcinmu mai fataucin goro.

Mu yara ba ta dame mu ba, wurin ɓuya ce mai kyau. Baba ne ya tsane ta, kuma yana da dalili. Duk wanda ya rasu a lungunmu ta nan ake fita da shi, kuma makara ba ta juyawa a kwanar sai an yi mata dabara: na gaba su ɗaga, na baya su sauke, a karkata ta gefe, a murɗa ta ta wuce. Ranar da mahaifiyar Baba ta rasu, tun kafin a haife ni, masu ɗaukar suka karkata fiye da kima, gawar ta zame, sai da Baba ya miƙa hannu ya tare ƙafar uwarsa. Inna ce ta ba ni labarin, shi bai taɓa faɗa mini ba. Ta ce ya yi kwanaki yana duban tafin hannunsa, yana cewa har yanzu yana jin diddigen tsohuwar ta cikin likkafani.

Abin da dai na tashi ina ji daga bakinsa shi ne, "Ni dai in an ɗauke ni, a fitar da ni a miƙe."

Inna kuma ta ce, "Malam, da sassafe? Ka bari mu sha koko tukuna."

Baba maɗinki ne, ɗinkin hannu na manyan riguna, irin wanda mutum zai yi watanni a kan aljihu ɗaya. A zaure yake aiki, a bakin ƙofa inda haske ke faɗowa, shi da abokansa, kowa da riga a cinya, rediyo na magana ba mai sauraro. Kakanmu ne ya gina zauren, da rufin azara mai tudu, ga sanyi ko da rana ta take. Wanda bai tashi a cikin birni ba zai ɗauka ɗaki ne kawai da ake ratsawa a shiga gida. A wurinmu nan ne iyakar namiji baƙo. Nan zai tsaya ya yi sallama, nan za a kawo masa ruwa, nan ake neman aure, nan ake sulhu, nan ake karɓar gaisuwar mutuwa. Mai gida in ba shi da zaure ba shi da inda zai ce wa ɗan'uwansa namiji bismillah, zauna.

Ina tsakiyar sakandare, wajen tsakiyar shekarun tamanin, wani saurayi daga ofishin masu tsara gari ya zo tare da mai unguwa. Ɗan Wusasa ne, Kirista, siriri mai ladabi, Hausarsa tas, ya cire takalmi tun daga waje ya durƙusa ya gai da dattawa ɗaya bayan ɗaya. Aka tara masu gidajen lungun a zaurenmu saboda ya fi na kowa faɗi. Ni kuma na laɓe a shigifa, ɗakin da ke bayan zaure, da kwanon ruwan da aka aiko ni da shi, na ƙi komawa ciki.

A lokacin an hana gina bene a tsofaffin unguwanni sai da izini, izinin kuma ba a bayarwa. Gidaje sun cika sun batse, samari sun isa aure babu ɗaki, babu filin da za a ƙara ko bukka. Saurayin ya san wannan, da shi ya fara.

Ya ce, "Iyayena, gwamnati ba ta ce za ta rushe gidan kowa ba. Ciniki ta zo da shi. Duk wanda ya ja katangarsa baya ya bar wa hanya ƙasa, za a ba shi izini ya hau sama. Ƙafa ɗaya ka bari a ƙasa, ka ɗauki biyu a sama. In kowa ya ja kaɗan, mota za ta shigo har ƙarshen lungu, a yi magudanar ruwa, mai naƙuda ta daina tafiya a ƙasa zuwa bakin titi."

Wani tsoho mai jimar fata da ke can ƙuryar lungu ya gyara zama ya ce, "Yaro, ƙasar dai mun san tamu ce. Saman kuma na gwamnati ne, da za ta riƙa yanka mana?"

Aka yi dariya, har shi saurayin. Daga nan kowa ya ce Allah ya ba da sa'a, za mu duba, za mu yi shawara da 'yan'uwa. A lungunmu wannan a'a ce, a'a mai riga da hula. Saurayin ma ya gane, na ga yadda ya naɗe zanensa a sanyaye. Sai Baba ya tambaye shi nawa ne za a ja a kwanar kafin ta buɗe. Ya fita ya duba, ya dawo ya ce daga ɓangarenmu kamar tsawon mutum a kwance, daga ɓangaren Alhaji abin da bai kai haka ba. Daga ɓangarenmu wannan ya cinye zauren gaba ɗaya.

Bayan la'asar Baba ya tare Alhaji a ƙofar masallaci. Yayana ne ya ba mu labari, yana tsaye kusa da su.

"Alhaji, in na ja, za ka ja?"

"Haba Malam, ka fara mana. Muna bayanka in sha Allahu."

Baba ya fi shekara hamsin yana jin irin wannan amsar a bakin mutanen birni, ya san nauyinta sarai, shi ma ya sha ba wasu ita. Amma abin da yake so ya toshe masa kunne.

A cikin gida Inna ta tayar da ƙura. Ta ce, "Gida ba zaure? Baƙinka a ina za su zauna, a kan indararo?" Baba ya ce a sama za a yi babban ɗaki mai manyan tagogi, can zai koma da ɗinkinsa da abokansa, ga haske ga iska, sauran ɗakunan kuma na Yaya ne in ya yi aure. Yaya, wanda ya daɗe yana zagayen wani gida a Tudun Wada, ya goyi bayan Baba tun kafin ya rufe baki. Ni ma haka, don ina son a ce mini 'yar gidan bene. Baffa, ƙanen Baba, ya zo ya zauna a zauren tun hantsi har azahar, ya ce ubansu da hannunsa ya ɗora azarar nan, sannan ya tashi ya tafi bai ci abincin da aka kai masa ba.

Ranar da magina suka zo, Baba ya fita tun da safe ya tafi masallaci, bai dawo ba sai da aka gama. Azarar ta fito lafiya lau, ko gara ba ta taɓa ta ba. Katangar kuwa da aka sare ta, ana ganin yaɓen shekara da shekaru a jere, wani ja wani baƙi. Na ɗauki gutsure ɗaya na ajiye a ƙarƙashin gadona, ban san me ya sa ba, daga baya Inna ta share shi da shara.

Ginin ƙasa ba ya ɗaukar bene irin wanda aka zana mana, sai bulo da siminti da rodi. Baba ya sayar da gonar gado da ke wajen Kufena. Aiki ya yi nisa sai kaya suka yi tashin da kowa ya sani a shekarun nan, simintin da aka yi lissafi ya ƙare a rabin hanya, birkila ya kwashe kayansa ya ce a neme shi in an shirya. Muka yi damina biyu gaban gidanmu da tsohon kwano a jingine. Kuma tun daga ranar da zaure da shigifa suka tafi, duk abin da aka faɗa a lungu a tsakar gidanmu yake sauka. Tarin mai wucewa, cinikin masu talla, zagin yara, duk muna ji kamar a gefen murhu ake yi. Mu ma ana jin namu. Inna, wadda muryarta ke kaiwa gida uku in ta yi fushi, ta koma yin faɗa da raɗa, abin da ya fi komai ƙona mata rai.

Amma kwanar ta buɗe, wannan ba zan ɓoye ba. Alhaji bai ja ba, mota ba ta shiga, sai dai gefenmu kaɗai ya isa makara ta juya. A cikin wannan lokacin matar tsohon nan mai jima ta rasu. Aka fito da ita daga ƙuryar lungu, aka zo kwanar, aka wuce. Ba wanda ya ce a ɗaga, ba wanda ya ce a sauke. Ban taɓa ganin mutum ya dawo daga maƙabarta da fara'a irin ta Baba ran nan ba. Ya shigo yana karkaɗe ƙurar takalminsa ya ce wa Inna, "Kin ji? Sumul ta wuce." Inna ta ce ya ji tsoron Allah, mutuwa aka yi. Ya ce ya sani, ya kuma nemi ƙarin tuwo. Duk tsawon labarin nan, wannan ranar kaɗai nake da ita da zan nuna in an tambaye ni ko cinikin ya taɓa biya.

Da ƙyar da jiɓin goshi aka gama benen. Aka shafa masa shuɗin fenti, aka sa tagogin gilashi masu buɗewa, yaran unguwa suka riƙa tsayawa suna ɗaga kai. Baba ya sa aka hau masa da tabarmarsa da rediyonsa da akwatin zare, ya aika wa abokansa cewa gobe a dawo aiki.

Suka zo, suka tsaya a ƙofar gida, suka yi sallama. A nan aka tsaya. Tunda ƙasar gaba ta tafi, babu inda za a sa matakala sai a tsakar gida, kuma nan mai zanen ya sa ta, tsakanin madafi da ɗakin Inna. Duk mun ga zanen, duk mun ga ana gina ta, mun yi ta hawa muna sauka, ba wanda ya tsaya ya ce to, namiji baƙo ta ina zai bi? Kafin abokan Baba su kai ga matakalar sai sun ratsa mata suna daka, suna wanki, wata ta fito daga wanka da ɗaurin ƙirji. Ran farko aka kora mu ɗaka aka sakaya labule, dattawan suka wuce kai a sunkuye kamar masu laifi. In ɗaya zai sauko kama ruwa sai an sake kora mu. In mai riga ya zo duba aikinsa sai an sake. Inna ta jure kwana kaɗan, tuwo ya ƙone sau biyu, ta ce ita ba a gidan kurkuku aka kawo ta ba. Su ma dattawan abin bai yi musu daɗi ba, mutum da furfurarsa yana ratsa matan wani. Ɗaya ya ce gwiwarsa ba ta son matakala, ɗaya ya ce zai riƙa zuwa jefi-jefi. Kafin wata ya ƙare sun koma zauren wani abokinsu a bayan masallaci.

Baba ya zauna a sama shi kaɗai. Ya ce ba komai, hasken ya ishe shi abokin hira. Gaskiya hasken yana da kyau, ya ce tun yana saurayi rabonsa da ganin ramin allura haka.

Sai ga mai unguwa da liman sun zo. Alhaji ne ya kai ƙara, ba da faɗa ba, cikin mutunci. Tagogin Baba suna kallon tsakar gidansa kai tsaye. Iyalinsa sun daina zama a waje, sun koma girki a ƙarƙashin rumfa, 'yan matansa ba sa iya zuwa bayan gida sai da mayafi. Gidan da ke bayanmu ma suka aiko da irin wannan. Na so in ce ƙarya suke yi, na so ƙwarai. Amma na sha hawa na leƙa, na san kalar kowane kwano a gidan Alhaji, na san wace ce ke tsefe kai ranar Juma'a. Gaskiyarsu ce, kuma wannan ya fi ba ni haushi fiye da a ce sharri suka yi mana.

Baba bai musa ba. Kunya ta kama shi har ya kasa haɗa ido da liman. Ya ce, "Wallahi ni ƙasa nake kallo, allurata nake kallo." Liman ya ce ba wanda ya zarge shi, amma gobe ba shi kaɗai zai hau ba, kuma haƙƙin maƙwabci ba a wasa da shi.

Aka kira saurayin ɗan Wusasa. Ya hau, ya tsaya a taga, ya yi sauri ya juya baya. Ya ce a ƙa'idarsu ɗakin kwana dole ya sami taga, in an toshe an saɓa wa izinin da aka bayar. Sannan ya ce, "Baba, ni ban gani ba. Ku toshe, amma ku bar ɗan wuri a can sama don iska." Da zai tafi ya durƙusa a ƙofar gida ya ce wa Baba ya yafe masa, shi hanya ya yi ta aunawa, bai auna inda ido zai faɗa ba. Baba ya sa masa albarka. Ban ƙi yaron nan ba ko kaɗan, da zuciya ɗaya ya zo.

Birkila ya cire gilasan ya jera bulo, ya bar 'yar siririyar kafa a saman kowace taga, wadda hannu ke shiga amma kai ba ya shiga. Ɗakin ya zama duhu da rana tsaka, ga zafin kwano daga sama. Baba ya gwada ɗinki da fitila, idonsa ya riƙa ruwa. Ya sauko da tabarmarsa.

Yaya ya yi aurensa ya tare a sama da amaryarsa. Bazara ɗaya suka yi. Yarinyar tana da ciki, ta riƙa saukowa tana kwana a ɗakin Inna saboda zafi, har Yaya ya gaji ya kama haya a Tudun Wada kusa da iyayenta. Benen ya zama wurin ajiye buhunan masara da tsofaffin katifu, tantabaru suka gano kafofin suka tare. 'Yar gidan bene kuwa, in ƙawayena suka ce in hau da su, sai in ce an kulle.

Baba ya yi ƙoƙarin bin abokansa zauren bayan masallaci. Ya je na ɗan lokaci. Sun karɓe shi hannu biyu, suna ba shi wuri mai kyau, suna ce masa sannu da zuwa, kuma sannu da zuwan ce ta kore shi. Mutumin da ya saba shi ke cewa bismillah, yanzu kullum shi ake ce wa. Sai ya koma shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a kan ƙasar da ya bayar, daidai inda bakin zaurensa yake a da. Rana ta same shi a nan, akuya ta ratsa ta kan rigar mutane, babur ya watsa masa ruwan kwata, ya share ya ci gaba. In mai wucewa ya ce, "Malam, ana shan iska?" sai ya ce, "Ana sha."

Yana zaune a nan ya ga Alhaji ya sa an yi dakali a jikin katangarsa. Dakali ba laifi ba ne, kowa na yi, kuma yanzu akwai wuri. Bayan damina aka kafa masa sanduna aka ɗora kwano don inuwa. Ɗan Alhaji ya gama karatu ya yi ta yawon neman aiki bai samu ba, ya dawo ya ajiye tebur a ƙarƙashin rumfar, sabulu da ashana da madarar gwangwani. Sai ɓarayi suka ɗauke teburin, aka ga ya kamata a kewaye. Da bulo aka kewaye. Kowane mataki sai da Alhaji ya ƙetaro ya gai da Baba ya ce, "Malam, na ɗan lokaci ne, kafin yaron ya sami abin yi." Baba ya ce Allah ya ba shi. Me zai ce? Yaron a gabansa aka haife shi, shi ya ɗinka wa ubansa rigar suna.

Ni ce na kasa haƙuri. Na riga na fara koyarwa a firamare lokacin, ina ganin na san duniya. Na ce wa Baba ya je ofishin nan ya kai ƙara, in ba zai je ba ni zan je. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi. Saurayin ɗan Wusasa an daɗe da mayar da shi wani gari. Wanda ya samu a kujerar ya saurare shi da ladabi, ya ce wannan tsarin ai na gwamnatin da ta wuce ne, yanzu ba a yin sa. Shagon Alhaji kuma za a turo a duba. Baba ya ce to, tunda an fasa, shi zai iya mayar da katangarsa inda take? Mutumin ya ce a'a, ƙasar da ya bari ta zama hanya, wanda ya gina a kanta ya taka doka. Ba a turo kowa ba, har yau.

A cikin shekarun casa'in benaye suka tashi a unguwarmu ta ko'ina. Ba wanda ya ja katanga, ba wanda ya nemi izini. Mutum ya sami kuɗi ya zuba kankare ya hau, in an zo a yi magana a zaure a rabu lafiya. Wasu ma saman nasu ya leƙo kan lungu ya rufe sararin sama. Duk sun hau kyauta. Mu kaɗai muka saya, mu kaɗai aka sa wa sharaɗi, don mu kaɗai muka tsaya muka saurara.

Yaya ya zo wata Juma'a da zafinsa. Ya ce, "Baba, kowa ya taka dokar nan ya kwana lafiya. Ni zan kawo bulo, mu mayar da zaurenka, ko ƙarami ne. Ka sami inda za ka zauna kamar kowa."

Baba ya dubi shagon, ya dubi ɗan wurin da ya rage tsakaninsa da tabarmarsa. Ya ce, "In na dawo da katanga, ta ina za a wuce? Ka duba mana. Ko mai garwa ba zai fita ba."

Haka ne. Lungun ya matso gefenmu ne kawai, kwanar ta koma yadda take, har ta fi da matsewa. Ta da ƙasa ce, in kafaɗa ta goga sai ta ɗan ba da wuri. Ta yanzu bulo ce da siminti, ga bakin kwanon shago ya sauko daidai kan mutum. Baba yana zaune yana gadin ɗan abin da ya saura, don ya san ranar da ya tashi daga tabarmar nan wani zai ga wuri. Ya daina faɗar maganarsa ta a fitar da shi a miƙe. Inna ta ce mini ta fi son lokacin da yake faɗarta.

Idonsa ya tafi a hankali, ɗinki ya gagara, amma bai daina fita ba. Daga baya ƙafa ta kumbura, sai an riƙe shi. Da ciwon ya yi tsanani a baro aka tura shi zuwa bakin titi, Yaya na gaba yana janye kwalayen shago daga hanya, Baba ya rufe fuskarsa da hula don kada a gan shi. Ya yi kwanaki a asibiti ya ce a mayar da shi gida. A ɗakin Inna ya cika, da hantsi, ranar wata Talata.

Aka yi masa wanka aka haɗa shi. Maza suka cika lungun, babu zauren da za a tsaya, wasu a gaban shago wasu har bakin masallaci. Aka shigo da makara ta ƙarfe daga masallaci, a tsaye aka shigo da ita, na gani, na kuma san abin da hakan ke nufi. Mata ba ma bin gawa. Da aka ɗauke shi aka nufi ƙofa, mata suka ruɗe da kuka, ni kuma na zame na hau matakala. Na ture tantabaru, na jawo akwatin zarensa, na taka, na manna fuskata a kafar da birkila ya bari. Daga nan ana ganin tsakar gidan Alhaji, ana ganin kwanon shago, ana ganin kwanar.

Suka fito da shi suka zo wurin suka tsaya. Suka gwada, kan makarar ya daki bulo. Suka ja baya. Wani ya ce a ɗaga, aka ɗaga, ta daki kwano. Alhaji da kansa yana cikin masu ɗauka, tsoho da shi, hularsa ta faɗi, yana kuka yana cewa a hankali, a hankali da Malam. Sai na baya suka sauke, aka karkata ta gefe, aka ƙara karkatawa. Na ga farin likkafanin ya motsa ya zame ƙasa. Na ga Yaya ya saki ƙarfen ya miƙa hannu ya tare ƙafar.

Ban yi kuka ba a lokacin. Haushi ne ya cika ni, haushin kowa, har da shi Baba. Na tsaya a kan akwatin har bayan mutum na ƙarshe ya ɓace, sannan na sauko.

Inna tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, mata sun kewaye ta. Ta ga ƙurar tantabaru a mayafina, ta san inda na je. Ta yafito ni na durƙusa kusa da ita.

Ta ce, "Ya wuce?"

Na ce, "Ya wuce, Inna. A miƙe."

Ta daɗe tana dubana. Sannan ta sa hannu ta cire mini wani gashin tantabara daga kafaɗa, ta ce, "Ai na ji lokacin da suka tsaya."